Kana sayar da soso, kana ba da aikin kwana uku kyauta

Tambaya: Ina sassaƙa manyan haruffa da ginshiƙan ado da farin soso, irin wanda ake naɗo firiji da shi. Aiki na shigowa, amma ba na ganin riba. Ina so in ci bashi in sayi injin yanka mai kwamfuta. Me ka gani?

Malam, ajiye maganar injin nan tukuna. A bayanin da ka turo ka ce kana yanke farashi ne ta hanyar ninka kuɗin soso sau biyu. Nan kuɗinka ke zurarewa. Soson nan kusan kashi 98 cikin 100 iska ne, shi ya sa yake da araha, kuma shi ne mafi ƙarancin abin da kake kashewa. Ka ɗora farashinka a kan iska.

Da wayar yanka, wato siririn ƙarfe mai zafi da ke ratsa soso, za ka fitar da harafi cikin mintoci, ka gyara gefensa da wuƙa da magagari. Daga nan wahalar ke farawa. Ka bi shi da samfefa mai kaushi, lamba 80, ka koma 120, ka toshe ramukan ƙwayoyin soson, ka shafa farin gam na kafintoci da aka sirka da ruwa, ka jira ya bushe, ka sake gogewa, ka sake shafawa. Shafi uku ko huɗu kafin fenti ya hau. Idan a waje za a kafa shi, sai an yi masa ɓawo mai tauri da ifoksi, wani irin gam mai sandarewa idan ya bushe, wanda kuɗinsa kan zarce na soson nesa ba kusa ba. Kwana biyu zuwa uku ke nan, shagonka a cike da kayan da ke shan iska, babu wurin karɓar wani aikin. Wa ke biyan wannan? A yanzu kai ne.

Na san inda hakan ke kai mutum. Wani da na taɓa ba shawara ya ga shafen na cin lokacinsa, sai ya tsallake shi, ya fesa wa haruffan wani babban taro fentin gwangwani kai tsaye. Sinadarin da ke cikin fentin feshi, kamar tina, narkar da wannan soso yake yi. Kan ka ce kwabo haruffan sun yi ramuka kamar gara ta ci su. Ya mayar da kuɗin mutane, ya sake sayen kaya daga aljihunsa, mai aikin kuma bai ƙara waiwayarsa ba.

Injin da kake mafarki yanka kawai zai yi maka. Zai tara maka haruffa goma a lokacin da kake yin biyu, dukkansu suna jiran gam da samfefa, ga mai bashi yana ƙwanƙwasa ƙofa ƙarshen wata. Gaskiya na gaji da jin cewa inji ne zai fitar da mutum daga talauci alhali bai san nawa aikinsa ɗaya ke ci ba.

Sayi littafi. A ayyuka goma masu zuwa rubuta awannin yanka daban, na guga da shafe daban, da gam da fenti da samfefar da suka ƙare, har da soson da ya tafi a ɓarna. Ka fitar da farashi biyu, na cikin ɗaki da na waje, kuma kada ka kunna wayar yanka sai an ba ka rabin kuɗi kafin alƙalami. In ka cika goman, turo mini lissafin mu duba maganar injin.