Amsa: Kekena ya fara tsatsa da shigowar damina

Malam, ka ce tsatsa ta ɓullo wa kekenka a wajen fedal da ƙarƙashin sirdi, kana tambaya ko sai ka sake masa fenti gaba ɗaya. A'a, kada ka ɓata kuɗinka.

Ƙarfe ba ya tsatsa sai ruwa da iska sun same shi tsirara. Ka goge wurin da sanfefa har ya yi fari, ka shafa jan fentin nan da masu walda ke fara sa wa ƙofa, ya bushe, sannan ka bi da fentin mai. Ƙaramin gwangwani ya isa, akwai shi a kasuwar Wunti ta Bauchi.

Amma tsatsar cikin bututun keken ita ce mugunyar. Nawa, bayan ruwan Agusta, na zare ƙarfen sirdi na kifa keken, sai ga ruwa ja kamar zoɓo yana tsiyaya. Ka yi haka, ka bar shi a rana, ka ɗiga man inji cikin bututun, ka shafa giris kafin ka mayar. 'Yan hudojin da ke jikin bututun baya kuwa, ka zokale su da tsinke in laka ta toshe.

Kada ka lulluɓe keken da leda, gumi yake yi. Kuma ka raba shi da buhun takin zamani a zaure, yana cin ƙarfe sosai.