Ƙafar Baba na ciwo in ya yi tafiya, ya daina fita ne?

'Yar'uwa, kin ce likita ya gano jijiyoyin jinin ƙafar Baba sun tsuke, sha-raɓarsa na ɗaurewa kafin ya kai masallaci, kina tunanin ki hana shi fita. Allah ya ba shi lafiya. Don Allah kar ki zaunar da shi, tafiyar tana cikin maganin.

Maiƙo ne ya taru a jijiyoyin, jini ba ya isar tsoka idan tana aiki, shi ya sa ciwon ke lafawa da ya tsaya. Ya taka har ciwon ya fara damunsa, ya huta har ciwon ya sake shi, sannan ya ci gaba. Minti 30 zuwa 45, sau uku a mako, aƙalla mako 12. Da sannu zangon zai ƙaru.

In yana shan taba, barinta ta fi komai. Magungunan rage maiƙo da hana jini daskarewa, da na sukari ko hawan jini, kar ya tsallake. Ciwon nan yana tafe da haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙafar kanta. Kullum a duba tsakanin yatsu da diddige, a tsane su bayan alwala. Ban da yawo ba takalmi, ban da gasa ƙafa a kaskon wuta lokacin hunturu, ban da tsaga ko ƙaho.

Gyambon da ya ƙi warkewa, yatsa ya yi baƙi, ko ciwo da daddare yana kwance, a koma wurin likita da wuri. In ƙafar ta yi sanyi farat ɗaya, ta ɗashe, ta mutu, asibiti nan take, ko tsakar dare ne.