Hukuncin karanta ƙagaggun labarai na Turanci a sakandare

Tambaya: Malam, ɗiyata tana aji biyar na sakandare a nan Gwale. An ba su littattafan adabin Turanci na shirin jarrabawar WAEC, labaran mutanen da masifa ta afka wa ba zato: mutuwa, yaƙi, karayar arziki. Ashe ba ƙarya ake koya musu ba? A ɗaya ma jarumin rataye kansa ya yi. Ko in hana ta?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Alhaji, Allah ya saka maka da alheri da ka buɗe littafin 'yarka ka duba. Iyaye da yawa kuɗin makaranta kawai suka sani.

Kada ka hana ta. Ƙaryar da shari'a ta haramta ita ce a ba mutum labarin abin da bai faru ba don ya ɗauka ya faru. A ƙagaggen labari kuwa, marubuci da mai karatu duk sun san ƙirƙira ce. Ibnu Hajar Alhaitami ya bayyana a littafinsa na fiƙihu, Tuhfatul Muhtaj, cewa ya halatta a saurari labarin da aka tabbatar bai auku ba, idan manufar buga misali ce da wa'azi. A zaurukan Kano an daɗe ana karanta Maƙamatul Hariri, littafin ƙagaggun labarai na Larabci, don sanin lugga, alhali Abu Zaidin da ke ciki ɗan damfara ne da Hariri ya tsara labaransa. Wasu malamai sun ƙyamaci irin wannan saboda hadisin Abu Dawud mai tsoratar da wanda ke ƙarya don a yi dariya, amma wannan kan mai yaudarar majalisi ne. Harshen ma ba matsala ba ne, tunda Annabi (SAW) ya umarci Zaidu bin Sabit ya koyi rubutun Yahudawa.

Inda nake so ka sa ido shi ne yadda littafin ke fassara musiba. Wani marubucin yana nuna duniya ba mai tafiyar da ita, wani ya jingina abin ga gunki, wani ya ƙawata kashe kai kamar jarumta. Mu kuwa imani da ƙaddara rukuni ne, kuma Allah ya ce kada ku kashe kawunanku (Nisa'i, 29). Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa haƙuri yana wurin bugun farko, wato daidai lokacin da musibar ta faɗo, kafin zuciya ta huce. Ka tambaye ta: da wannan jarumin Musulmi ne, me ya kamata ya yi? Ka ba ta labarin Annabi Yusuf daga rijiya zuwa kurkuku, ko na 'yan kasuwar da gobarar Sabon Gari ta 2016 ta cinye musu jari suka sake tashi. Yarinyar da ta san waɗannan, littafin Bature ba zai girgiza ta ba.

A jarrabawa, idan ta rubuta abin da marubucin yake nufi ba laifi, domin mai hakaito kafirci ba kafiri ba ne. Alƙur'ani ma ya hakaito maganar Fir'auna. Idan akwai batsa ƙarara, ta tsallake wurin, kai kuma ka je ka sami shugaban makarantar.

Wallahu a'alam.