Tambayoyi da Amsoshi: Kyamarar Waya da Tayoyin Motar Katako

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Amurka, ɗana yana cikin 'yan sikawut na yara, kuma za su yi gasar ƙananan motocin katako da ake kira Pinewood Derby. Mun zuba garin girafait, wato baƙin garin da ke sa santsi, a tayoyin, amma duk gwajin da aka yi motarsa ce ta ƙarshe. Ko akwai manhajar da za ta nuna mana inda matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ba sai ka sauke wata manhaja ba, kyamarar wayarka ta wadatar.

Ga waɗanda ba su san gasar ba, an fara ta ne a shekarar 1953 a Manhattan Beach da ke jihar Kaliforniya. Ana ba kowane yaro guntun katako, tayoyi huɗu na roba mai tauri, da ƙusoshi huɗu da tayoyin ke juyawa a kansu. Babu inji, daga kan gangara ake sakin motar, kuma nauyinta ba ya wuce oza 5, wato giram 141 da 'yar ɗoriya. Tunda kusan kowa yana cika wannan nauyi, gogayyar taya tana cikin manyan abubuwan da ke raba gardama.

Samu tebur mai santsi, ka ɗaga gefe ɗaya da littafi ko biyu. Ajiye wayar a ƙasan gangarar, kyamarar daidai tsayin taya, ka zaɓi bidiyo mai tafiyar hawainiya, wanda a wayoyi da yawa yake ɗaukar hoto 240 a daƙiƙa ɗaya. Saki motar ta nufo kyamarar. Ka lura ko wata taya tana rawa, ko tana jingina da jikin katakon tana gogarsa, ko kuma motar tana karkata gefe guda.

Daga nan zare ƙusa ɗaya ka ɗauki hotonta kusa-kusa cikin haske mai kyau, ka buɗa hoton a daidai ƙasan hularta. Za ka ga 'yan ƙayoyin ƙarfe da injin da ya ƙera ta ya bari, da wasu zane-zane a jikinta. A kan waɗannan ƙayoyin tayar ɗanka take juyawa, suna kartar robar a kowane zagaye, kuma ko buhun girafait aka zuba ba zai shafe su ba.

Ɗaura ƙusar a bakin injin huda, hular tana waje. Tana juyawa, sai ka taɓa ƙasan hular da ƙaramin magagari har ƙayoyin su tafi. Sannan yanka samfefa siriri-siriri, faɗin kamar rabin santimita, ka jiƙa da ruwa, ka bi lamba-lamba daga mai kaushi zuwa mai laushi: 400, 600, 1000, 2000, kowace kamar daƙiƙa 15. Ƙarasa da man goge ƙarfe a kan tsumma har ƙusar ta yi ƙyalli. A nan mutane da dama ke ɓata aikinsu. Idan aka daɗe da samfefa mai kaushi ƙusar sai ta rame, ramin tayar ya yi mata yawa, tayar ta kama rawar da ake gudu tun farko. Santsi ake nema, kaurin ƙusar ya tsaya yadda yake.

Ramin tayar ma yana son gyara: ɗan man goge roba a jikin zare mai laushi, a ratsa shi ciki a hankali, a wanke, a bari ya bushe sarai. Wajen mayar da ƙusa, saka katin banki tsakanin taya da katako ka tura har ta taɓa, sannan ka zare katin. Wannan ratar ta isa. Sai yanzu girafait zai yi amfani: zuba kaɗan, juya tayar, sake zubawa, har sau biyar ko shida. Tayar da aka gyara da kyau takan kai wajen daƙiƙa 20 tana juyawa idan aka kaɗa ta da yatsa. Ka bar yaron ya riƙe samfefar da hannunsa kana tsaye a kansa, domin gasar tasa ce.

Tambaya: Malam, man keken ɗinki ba zai fi wannan baƙin garin santsi ba?

Amsa: A'a, Hajiya. Yana da kauri ga mota mai wannan rashin nauyi, yana kama ƙura, kuma idan ya haɗu da girafait sai su zama taɓo. Dokokin gasa da yawa ma busasshen gari kawai suka yarda da shi, saboda mai yana ɗiga ya ɓata hanyar tsere.

Tambaya: Na ga ana ɗage tayar gaba ɗaya ba ta taɓa ƙasa. Da gaske hakan yana ƙara gudu? Kuma zan iya aunawa da agogon wayata?

Amsa: Da gaske ne, in dokar rukunin sikawut ɗinku ta yarda, don wasu suna sharɗanta tayoyi huɗu su taɓa ƙasa. Kowace taya tana cin wani kaso na ƙarfin gangarar kafin ta kama juyawa, to uku sun fi huɗu sauƙin tayarwa. Ɗagewar kamar milimita ɗaya da rabi ta isa. Amma dole sauran ukun su tafi bisa saiti. Hanyar tsere tana da ɗan doro a tsakiya, motar tana tafiya ne da doron a tsakanin tayoyinta, kuma wadda ke bugun doron dama da hagu tana asarar gudu a kowane bugu. Shi ya sa ƙwararru ke lanƙwasa ƙusar tayar gaban da ke ƙasa kaɗan, su riƙa murɗa ta har motar ta jingina da doron a hankali ta bi shi har ƙarshe, tayoyin baya ba su taɓa shi ba.

Agogon waya kuwa ba zai yi ba. Tseren kansa bai fi daƙiƙa 3 zuwa 4 ba, yatsan mutum yana makara da kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa, alhali tazarar da ke tsakanin motoci takan gaza haka nesa. Yi amfani da bidiyon nan mai hoto 240: kowane hoto kusan daƙiƙa 0.004 ne. Kafa wayar wuri ɗaya yadda za ta ga farko da ƙarshen gangarar, ka ƙirga hotuna daga sakin motar zuwa layi, ka canza abu ɗaya tak, sannan ka sake ƙirgawa.