Amsar Baba ga matashin da ya yi tambaya kan shakka da roƙon hikima

Salama gare ku, 'yan'uwa. Ɗana, na saurari muryarka. Ka ce ka daɗe kana roƙon Allah hikima a kan wata shawara, shiru kake ji, har ka soma tambayar kanka ko akwai mai jin ka. Kuma Yakubu 1:6 tana ba ka tsoro, tunda ta ce a roƙa ba tare da shakka ba.

To, ka karanta har aya ta 8. Mutumin da Yakubu yake nufi mai zuciya biyu ne, ƙafa ɗaya wurin Allah, ɗaya wurin son ransa. Mai tambaya da gaske daban ne. Toma, almajirin Yesu, ya ce ba zai gaskata Yesu ya tashi daga matattu ba sai ya taɓa gurbin ƙusoshi, bayan kwana 8 Yesu ya zo ya nuna masa hannuwansa, Yohanna sura 20. Amma ka lura, a tsakiyar almajirai ya same shi. Nan ne matasa da yawa suke yin kuskure. Shakka ta zo, sai su daina zuwa sujada, su koma kallon bidiyon muhawara a waya har tsakar dare. Kada ka janye, ka ji ko?

Ka samo littafin rubutu, ka rubuta shakkar a jimla ɗaya, domin ba duka iri ɗaya ba ce. Idan tambayar ilimi ce, misali ko Yesu ya tashi da gaske, ka zauna da 1 Korintiyawa 15, inda Bulus ya lissafa shaidu, har mutum fiye da 500 a lokaci guda. Idan ciwo ne, rashi ko addu'ar da ba a amsa ba, hujja ba za ta warkar da kai ba. Zabura 13 da 73 su ne naka, ka yi addu'a da su da babbar murya. Wani lokaci kuma gajiya ce kawai. Annabi Iliya ya roƙi mutuwa, mala'ika ya ba shi abinci ya bar shi ya yi barci tukuna, 1 Sarakuna 19.

Sannan, don neman hikima, littafin Karin Magana. Surori 31 ne a cikinsa, ka ɗauki ɗaya kowace safiya, minti 15, kafin ka taɓa waya. Aya ɗaya tak za ka rubuta, a ƙarƙashinta ka sa abin da za ka yi da ita a ranar. Misali in ka karanta 15:1, cewa amsa mai taushi tana kwantar da fushi, to, wanda kuke rigima da shi ka kira shi ranar, ka sassauta murya, da dare ka rubuta yadda aka ƙare. Wannan matakin ne aka fi tsallakewa, shi ya sa mutum zai karanta sura goma ya ce bai ga komai ba. Yesu ya faɗa a Yohanna 7:17, mai niyyar aikata nufin Allah shi zai gane ko koyarwar daga Allah take. Wato aikatawa tana gaba, tabbaci na biye.

Game da shawarar taka, kada ka buɗe Littafi Mai Tsarki da ka, ka ɗora yatsa ka ce Allah ya yi magana. Kada kuma ka rataya komai a kan mafarki. Ka auna ta da Yakubu 3:17: tsattsarka ce? Tana kawo salama? Tana karɓar gyara? Akwai jinƙai a ciki, ba munafunci? In ka ga kishi da son kai ne ke tura ka, aya ta 14 zuwa 16 ta riga ta faɗi inda hakan ya fito. Bayan haka ka kai ta wurin masu bi biyu da suka manyanta, ba abokan da za su ce maka e kawai ba.

Ƙarshen wata ka zo da littafin, mu karanta daga shafin farko tare, mu yi addu'a.