Kawu, wannan dalar ba a goge ta

Kawu, barka da war haka. Na ji saƙonka a kan hoton da na turo, inda ka ce azurfar ta yi dauɗa, in kawo maka ka wanke ta da toka da lemun tsami ta dawo fara fat, kamar yadda kake yi wa dalar Mariya Tereza ta sarƙar Inna. A nan Amurka, mu da muke tara irin waɗannan kuɗi, launin nan shi muke saye.

Sunanta dalar Morgan, kashi 90 cikin 100 azurfa ce. Harufan CC da ke ƙarƙashin gaggafar bayanta shaidar an buga ta ne a Carson City ta jihar Nevada, tawa a 1883. Ba ta taɓa shiga kasuwa ba. An ɗure su dubu-dubu a buhunan zane, aka kulle a baitulmali. A 1964 aka tarar da ragowar kusan miliyan 3 a ajiye, sai GSA, hukumar kula da kadarorin gwamnatin Amurka, ta sayar wa jama'a daga 1972 zuwa 1980, mafi yawansu kowace a cikin baƙin gidan roba da kwalinta.

Wadda ta shekara tamanin jingine da jikin buhu, farar wutar da ke cikin zanen ta rina ta a hankali. Idan na karkata tawa a ƙarƙashin fitila, bakinta ruwan goro ne, sai shunayya, sai shuɗi kamar bakan gizo, har sawun saƙar buhun yana nan a kumatun matar da ke fuskar dalar. Abin da ke ba ni mamaki, ma'aikatan gwamnati sun ɗauki masu launin a matsayin na baya, suka ware su da araha. Yau masu kyan cikinsu ake rububi a wajen gwanjo.

Gidan robar kuwa ba ma fasa shi, don shi ne shaidar babu hannun da ya taɓa ta, kuma ba wani ne ya turara ta da sinadari ba, domin masu wannan ha'incin suna nan. Kamfanin NGC yana duba ta a cikin gidanta, ya ba ta maki a ma'aunin 1 zuwa 70, ya ɗaura tambarinsa a jiki. Tsakanin 64 da 65 kaɗai farashi yana iya tsalle.

Ni ma da tunaninka na zo. Farkon zuwana na goge wata ta 1921 har tana ɗaukar ido. Wani tsohon dillali ya sa gilashinsa, ya nuna min ƙananan ƙarce birjik a fuskarta, ya ce kuɗin nauyin azurfar kawai zai biya. Ranar ban iya cin abincin dare ba.

In Allah ya kawo ni da babbar sallah zan zo da ita ka gani da idonka. A gaida Inna.