Amsa kan wuƙar kwamando mai tambarin ENGLAND

Assalamu alaikum. Malam, na karanta tambayarka, na kuma duba hotunan. Ka ce dillali ya kawo maka wuƙar kwamandojin Ingila, ya ce ta 1941 ce, wai wani tsohon soja ne ya dawo da ita daga yaƙin Bama, kana son sanin ko maganarsa gaskiya ce, sannan ko ka kai ta a goge tsatsar ta yi ƙyalli. Bari in fara da ta biyun don ita ce ta gaggawa: don Allah kada ka goge ta.

Na fi shekara ashirin ina tara irin waɗannan wuƙaƙe, kuma ta farko da na mallaka ni na lalata ta da hannuna. Akwai rubutun kamfani a gindin ruwanta, ya dushe amma yana karantuwa in ka karkata ta wajen haske. Na zauna da samfefa wata ranar Asabar ina murza, da na ɗaga sai ga ƙarfe fari tas, rubutu ya tafi. Har yau tana cikin akwatina, kuma duk sanda na ɗauko ta sai raina ya sosu, domin abin da zai shaida asalinta ne na kankare.

Taka irin wadda ake kira Fairbairn-Sykes ce, sunan mutum biyun da suka tsara ta, tsofaffin 'yan sandan Shanghai, William Fairbairn da Eric Sykes. Kamfanin Wilkinson Sword na Landan ne ya fara ƙera ta. Samfurin farko na 1941 matarin hannunsa, wato ƙarfen da ke tsakanin ruwa da ƙota, a lanƙwashe yake kamar harafin S, ƙotarsa ta tagulla ce mai ƙananan zane gicciye, da ɗan fili a gindin ruwan inda ake sa tambarin kamfani. Kafin shekarar ta ƙare aka miƙar da matarin, aka cire filin, shi ne samfuri na biyu. Na uku bai fito ba sai 1943, lokacin da aka koma zuba ƙotar da haɗin tutiya, mai zobba 27 a jere, don aikin ya yi sauri da araha. Ƙotar da ke hotonka mai zobba ce. Ka ga ke nan zancen 1941 ya faɗi tun daga nan.

Sai tambarin ENGLAND da ke kan matarin. Bayan an gama Yaƙin Duniya na Biyu an kwashe rarar wuƙaƙen nan da yawa an sayar Amurka, dokar can kuwa ta ce sai an buga sunan ƙasar da kaya ya fito. Saboda haka tambarin bai hana a ce lokacin yaƙi aka ƙera ta ba, amma yana nuna ta hanyar 'yan kasuwa ta biyo, ba daga jakar soja ta fito ba. Iyayenmu da suka je Bama a runduna ta 81 da ta 82 ta sojojin Afirka ta Yamma kuwa, adda aka fi sanin su da ita a dajin. Ban ce dillalin maƙaryaci ba ne, wataƙila shi ma haka aka faɗa masa, amma kada ka ƙara ko sisi saboda labarin.

In ta zo hannunka, tunda gani ya kori ji, fara da tsinin. Irin wuƙar nan tsininta siriri ne, yana yawan karyewa, sai a sake fiƙe shi. Sa awo: ruwan ya kamata ya kai dab da inci 7, kusan santimita 17 da rabi. In ya gaza sosai, ko layin da ya ratsa tsakiyar ruwan bai sauka daidai kan tsinin ba, an taɓa ta. Duba kusa da ƙarshen ƙotar, za ka iya ganin 'yar lamba tsakanin 1 da 4, lambar mazubin da aka zuba ta ce, kuma alama ce mai kyau. Haka nan alamar gwamnatin Ingila mai kama da sawun kaza, sai dai ita masu jabu sun iya buga ta, kada ka dogara da ita kaɗai. Ni notin da ke can ƙarshe na fi tsayawa a kai. In bakin ƙarfen da aka dandaƙe a kansa ya yi baƙi daidai da sauran jikin, hankalina yakan kwanta. In akwai sabon ƙarzo mai haske, an kwance ta, kuma mai yiwuwa ruwan daban ne, ƙotar daban.

Tsatsar hotonka iri biyu ce. Baƙaƙen ɗigon nan tsofaffi ne, sun daina ci, ka ƙyale su. Jar da ke gindin matarin ita ce mai rai. Ɗiga mata man keken ɗinki, bar ta ta kwana, ka share da tsumma mai laushi, ka maimaita har tsumman ya daina yin ja. Daga nan ka shafa kaki siriri, ni Renaissance Wax nake amfani da shi. Kada ka bari mai washi ko maƙeri ya taɓa ta.

Kuben kuma ka raba shi da wuƙar wajen ajiya, musamman da damina, domin fata tana riƙe danshi, ita ce ma ta jawo jar tsatsar. Robar kuben da ke riƙe ƙota ta saki, na gani, kuma haka kusan dukansu suke, kada ka kai wa baduku ya sauya ta. Ka ƙaro hoton notin daga sama, da na gindin ruwan ta fuska biyu cikin hasken rana, sai in faɗa maka ra'ayina kan kuɗin da dillalin ya sa mata.